Gishirin Ƙwai

Inna ta haura sittin kafin ta koyi karatu. Ajin manya ta shiga, na yamma, ta shekara biyu tana zama a kan bencin da aka yi don yara, gwiwoyinta na tokarar tebur. Tun ranar da haruffa suka buɗe mata kuwa, ba ta ƙara barin rubutu ya wuce ta ba. Allon shago, bayan mota, kwalin sabulu, duk sai ta tsaya ta karanta da ƙarfi, ko da mutane sun yi layi a bayanta. Kuma a wajenta, in dai an rubuta abu, to magana ta ƙare.

'Yarta, wadda take kira Auta, tana aiki a wata ƙaramar masana'anta da ke haɗa hodar fitila. Kun san fitilun yanzu, waɗanda ba sa zafi kuma ba sa shan wuta. In kun fasa ɗaya kun duba, za ku ga 'yan ƙwayoyi a jere, kowace da ɗigon wani abu rawaya a kanta. To ƙwayar da kanta shuɗin haske take bayarwa. Hodar nan ce ke shanye wani sashe na shuɗin ta mayar da shi rawaya, su gauraya, ido ya ga fari. Sai dai farin nan sanyi gare shi, yakan mai da fuskar mutum kamar wanda ya yi wata guda yana jinya. Don haka ake ƙara jar hoda. Ita kuma jar ba ta yin ja sai an sa mata ɗan wani sinadari mai wuyar samu, yurofiyom sunansa, kaɗan ƙwarai, a gasa su tare a tanderu.

Sinadarin fari fat yake zuwa musu, gari-gari mai ƙyalli. A masana'antar ba mai karya harshensa da wannan dogon suna. Tun daga manaja har mai shara, gishiri suke ce masa. Ita kuwa fitila, ai kowa ya san ƙwai ake ce mata.

Aikin Auta awo ne. Tana da ɗan ɗaki nata, da sikeli a cikin akwatin gilashi, irin wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai lambar ta motsa. Tana da 'ya guda ɗaya tal, 'yar shekara huɗu, wadda ake kira Tsuntsuwa saboda yadda take cin abinci: ta tsattsaga, ta kalli sama, ta ce ta ƙoshi.

Ranar da abin ya faru, famfon makarantar su Tsuntsuwa ne ya fashe, aka sallami yara tun safe. Inna ta gaji da zaman gida da yarinya mai tambaya ɗari a minti ɗaya, sai ta dafa ƙwai shida, ta ƙulla a leda da burodi, ta ce, "Taso, ƙawata, mu kai wa uwarki abincin rana, mu ga abin da take yi da ake biyan ta."

Mai gadi ya san su, ya nuna musu ɗakin shayi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, kujerun roba huɗu, butar lantarki, da kabad manne a bango. Bangon da ɗumi, don tanderun yana bayansa. Suna zama sai ga mai kula da tanderun ya leƙo, wani dattijo siriri da girarsa ta daɗe da ƙonewa, kowa na ce masa Baban Tanderu.

"A'a, manyan baƙi! Inna, sannu da zuwa. Auta na cikin awo, in ta shiga ko gobara ake yi ba ta fitowa sai ta gama. Ga biskit, ku taɓa."

Inna ta karɓi ledar biskit ɗin, ta karanta bayanta a hankali, ta mayar masa. "Mai gishiri ne. Likita ya raba ni da gishiri shekara uku ke nan, hawan jini."

"Ashe shi ya sa kike da sanyi kamar ruwan randa."

"Kai kuma zafin tanderu ya cinye maka gira. Je ka, Malam, kada kayan mutane su ƙone."

Ya tafi yana dariya. Inna ta ɓare ƙwai biyu, ta raba kowane gida biyu, ta jera ɓari huɗu a faranti. Sai a nan ta tuna ta baro ƙullin gishiri a gida, kuma Tsuntsuwa ko kallon ƙwai ba ta yi in ba gishiri. Ta miƙe ta buɗe kabad. Ga gwangwanin sukari, ga ganyen shayi, ga kofuna, can a lungu kuma ga wata 'yar kwalba mai faɗin baki, an manna mata farin salatif, an rubuta da baƙin alƙalami, manyan haruffa masu daɗin karantawa.

"Gi-shi-rin ƙwai," in ji Inna. "Kin ji 'yan boko, ƙawata? Har gishirin ƙwai nasu daban ne."

Ta sa yatsu uku ta tsakuro, ta barbaɗa wa kowane ɓari, kamar yadda ta yi shekara hamsin tana yi. Tsuntsuwa ta ci na farko ta yamutsa fuska.

"Kaka, da ɗaci."

"Ɗacin me? Jiya kin ce madara na da yaji. Cinye."

"Wallahi da ɗaci."

"Ke, kada ki kunyata ni a wurin aikin mutane. Buɗe baki."

Da lallashi da harara, da burodi da kurɓar ruwa, Inna ta tura mata na biyu, ta tura mata na uku. A na huɗu yarinya ta rufe baki gam, hawaye ya cika mata ido, Inna ta ƙyale ta. Har tana jin daɗi a ranta, yau Tsuntsuwa ta ci ƙwai ɗaya da rabi.

Ana haka Auta ta turo ƙofa tana cire safar hannu, tana murmushi. Murmushin bai kai tsakiyar ɗaki ba. Idonta ya sauka kan kwalbar a buɗe, ya koma kan farantin, ya koma kan bakin 'yarta.

"Inna, wa ya sauko da wannan?"

"Ni mana. Na manto namu a gida."

Auta ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da Inna ta fi samun sauƙi. Durƙusawa ta yi gaban yarinyar, ta riƙe mata haɓa, ta ce cikin wata murya da Inna ba ta taɓa ji ba, siririya kamar zare, "Baba! Baban Tanderu! Kawo tocila. Da gudu."

Akwai wata tocila da suke duba hoda da ita, haskenta shuɗi mai duhu kamar ruwan bula. Baban Tanderu ya shigo da ita, yana ganin kwalbar ya ce, "Innalillahi," ya jingina da ƙofa. Auta ta fizge tocilar, ta ja labule, ta kashe fitilar ɗakin, ta haska tebur.

Sai teburin ya kama ja. 'Yan ɗige-ɗige, kamar an watsa garwashi, a kan faranti, a kan burodi, a gefen kujera. Ta ɗaga hasken zuwa hannun Tsuntsuwa, yatsun suka yi ja. Yarinyar har ta yi dariya, ta juya hannunta tana kallo.

"Ce aaa," in ji Auta.

Ta ce aaa. Leɓɓanta, tsakanin 'yan haƙoranta, gefen harshenta, duk suna ci kamar wuta ta kama a ciki. Tsuntsuwa ta dubi fuskar uwarta a cikin shuɗin hasken nan, dariyar ta tsaya, ta fashe da kuka.

Inna ta duba hannunta na dama. Yatsu uku, babban da biyun da ke binsa, jajir.

"Auta, mene ne? An rubuta gishiri. Na karanta, wallahi na karanta, sau biyu ma."

"Na fitila ne, Inna. Ƙwan fitila." Tana magana tana goge bakin yarinyar da jiƙaƙƙen tsumma, tana sa ta kurkure ta tofar. "Nawa ta ci?"

Ku bar ganin Inna tsohuwa mai faɗa, a wannan lokacin ta koma yarinya 'yar bakwai da ta fasa tulu. Bakinta ya riga ta. "Ɓari ɗaya," in ji ta. "Ɗaya ne kawai, ai kin san cinta."

Auta ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta ce wa Baban Tanderu ya kira direba ya kuma ciro takardar sinadarin daga fayil. Inna ta rarumo mayafinta za ta bi su.

"Ki zauna."

"Auta..."

"Ki zauna, Inna. Kada ki taɓa komai."

Tunda Inna ta haife ta, Auta ba ta taɓa ba ta umarni ba sai ranar. Inna ta zauna. Ta ji kukan Tsuntsuwa yana nisa a cikin dogon baranda, ta ji ƙofar mota, ta ji motar ta fita. Daga nan sai gurnanin tanderu ta bayan bango.

Baban Tanderu ya dawo, ya kunna fitila, ya tsaya yana matse hularsa a hannu. Inna ta ɗago ta dube shi.

"Rubutun wa ne?"

"Nawa ne."

"Wane irin mara hankali ne zai rubuta gishirin ƙwai a kan guba, ya ajiye kusa da sukari?"

"Takardar da ta zo da shi ce ta ɓare, na manna wannan. Kabad ɗinsa na busarwa ya lalace jiya, shi kuwa abin nan yana shan danshi, na ce bangon nan da ɗumi, kwana ɗaya ne kafin mai gyara ya zo. Kowa a gidan nan ya san mene ne gishirin ƙwai, Inna. Kowa."

"Ni 'yar gidan nan ce?"

"To ke ma wa ya aike ki buɗe kabad ɗin mutane?"

Ba wanda faɗan ya yi wa daɗi a cikinsu. Can Inna ta ce a hankali, "Yana kisa?"

"Ban sani ba. Shekara goma sha tara ina gasa shi, ban taɓa ganin wanda ya ci ba. Mu dai an ce mu sa safa, mu rufe hanci." Ya ja kujera ya zauna, idonsa a kan tebur. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sa yatsa ya ja ɓawon ƙwan gefe, ya ware shi kashi biyu.

"Inna, ƙwai biyu kika ɓare."

Ya nuna farantin.

"Ɓari huɗu ke nan. Ga ɗaya a faranti. Ke kuma da bakinki kika ce min ba kya cin gishiri."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, duk suka zabura. Ya duba, ya ce Auta ce, ya sa a sifika ya ajiye a tebur. Ta bayan muryarta ana jin hayaniyar asibiti da wani kuka da Inna za ta gane ko a cikin yara dubu.

"Baba, ta yi amai a mota, yanzu tana cewa cikinta. Likita ya karanta takardar, ya kira wasu masana ya tambaya, sun ce komai ya dogara da yawan abin da ta ci. Duba murfin kwalbar, nauyin ƙarshe na rubuce a kai. Ka auna ta yanzu, mu cire."

Dokar Auta ce wannan, duk wanda ya ɗibi hoda sai ya rubuta nauyin abin da ya rage a murfi. Baban Tanderu ya rufe ido.

"Na ɗiba jiya da yamma. Ban rubuta ba."

"Nawa ka ɗiba?"

"Da cokali na ɗiba, 'yata. Na gwaji ne. Ban auna ba."

Aka ji ta ja numfashi. "Likita ya ce in ba a san yawansa ba, ba zai yi caca da ita ba. Za su zura mata roba ta hanci su wanke cikin, kuma ya ce lokaci na tafiya. Baba, yarinyar da ko ma'aunin zafi aka sa mata sai an danne ta. To shi ke nan, bari in gaya masa ɓari ɗaya ne, barbaɗe ɗaya, ya yi lissafinsa a kan haka."

Baban Tanderu ya kalli Inna.

Inna ta matso da bakinta kusa da wayar. "Auta."

"Na'am."

"Uku ne."

Inna ta ci gaba.

"Ɓari uku ta ci. Tun a na farko ta ce da ɗaci, na ce ƙarya take. Ni na buɗe mata baki. Ni na tura mata sauran biyun da hannuna."

Baban Tanderu ya duba ko wayar ta katse. Ba ta katse ba, kukan yana nan. Inna ta jira zagi, ta jira a ce mata ta kashe jikarta, ta shirya karɓa.

"Uku," in ji Auta. Muryar ta dawo irin ta wurin aiki, ba ɗumi ba sanyi. "To. Baba, kai Inna ɗakin awo. Ɗauki kwalbar. Inna, za ki tsakuro kamar yadda kika tsakuro ɗazu, ki zuba a kan sikeli. Hannunki za mu auna."

"In sake sa hannu a cikin wannan abin?"

"Shi ɗin dai. Ba safa, safa za ta canza ɗibar. Ki wanke daga baya. Minti goma likita ya ba ni."

Ɗakin awo sanyi gare shi, fari tas, ba ko ƙura. Baban Tanderu ya jingina wayar a jikin bango, ya zuge ƙofar akwatin gilashin, ya ɗora 'yar takarda a kan sikelin, ya danna maɓallin da Auta ta gaya masa, lamba ta koma sifili. A shekara goma sha taran nan ba a taɓa barin sa ya taɓa wannan sikelin na cikin gilashi ba.

Inna ta kai yatsunta bakin kwalbar ta janye. Ta sake kaiwa. Garin da sanyi, da ɗan danshi. Ta tsakuro, hannun na kaɗawa, rabi ya zube a tebur kafin ta kai.

"Miligiram sittin," in ji Baban Tanderu.

"Sake," in ji wayar.

Ta sake. Wannan karon tsoro ya sa ta damƙo da yawa.

"Ɗari huɗu da talatin."

"Sake."

"Ɗari biyu da goma."

"Wannan ba awo ba ne," in ji Auta, muryarta ta fara tsagewa. "Sittin, ɗari huɗu, wanne zan ba likita? Inna, don Allah, ki yi kamar ɗazu!"

"Ban san yadda na yi ɗazu ba! Ni ba na dubawa, hannun ne ke yi!" Inna ta fashe da kuka, tana riƙe da yatsun nan uku nesa da jikinta kamar ta kamo kunama. "Ku gaya masa ɗari huɗun. Ku gaya masa mafi yawa."

"In na ce ɗari huɗu sau uku, robar za su sa mata."

Can nesa a cikin wayar aka ji wata mata tana cewa a kawo yarinyar ɗaki na biyu. Aka ji Tsuntsuwa ta ƙwalla, "Ba na so! Umma, ba na so!"

Baban Tanderu ya juya ya fita da gudu, gudun tsofaffi, takalminsa na ja. Inna ta zaci tserewa ya yi. Sai ga shi ya dawo da ledar abincin. Ya ɓare ƙwai biyu a nan kan teburin awo, inda Auta ba ta yarda a shigo ko da ruwan sha ba, ya raba su da farcensa. Ya ɗora ɓari ɗaya a kan sikelin, gwaiduwa na kallon sama, ya mayar da lamba sifili.

"Wa ya taɓa sa wa takarda gishiri?" in ji shi. "Ga ƙwai. Bar kallon lambar, ba taki ba ce. Ni za ki kalla."

Ya durƙusa a gefen tebur har kansa ya dawo daidai tsawon yarinya, ya ɗora haɓa a kan hannuwansa, ya turo baki. Tsoho mai furfura, ba gira, ya siranta murya ya ce, "Kaka, ni ba na cin ƙwai."

"Malam, ba lokacin wasa ba ne."

"Kaka, ni na ƙoshi. Kaka, me ya sa ƙwai ba shi da ƙashi? Kaka, ke ma kaza ce ta haife ki?"

Hawaye na zuba a idonsa yana yi. Inna ta dube shi, wani abu tsakanin dariya da shessheƙa ya kufce mata. "Rufe min baki, sarkin surutu," in ji ta, kuma tana faɗa hannunta ya tafi da kansa, ya shiga kwalba, ya fito, ya murza a kan gwaiduwar.

Baban Tanderu ya leƙa. "Ɗari da ashirin."

"Wani ɓarin," in ji Auta da sauri.

Ya canza, ya koma ya durƙusa. "Kaka, wannan ya fi wancan girma, ni ƙarami nake so."

"Duk uwarsu ɗaya. Ci."

"Ɗari da talatin."

Na uku ya ba da ɗari da ashirin da biyar. Na huɗu, da Auta ta ce a ƙara don ta tabbata, ɗari da ashirin cif.

"Ku riƙe," in ji Auta. Suka ji takunta, suka ji tana magana da wani, tana cewa bai kai rabin giram ba duka ukun, kuma wani ya zube a faranti, wani ya fita da amai. Wata muryar namiji ta tambaya wa ya auna, da me aka auna. Auta ta faɗi sunan sikelin, ta ce an maimaita sau huɗu. Ya tambayi nauyin yarinyar. Daga nan sai ƙus-ƙus da ƙarar takarda. Baban Tanderu yana nan durƙushe, ya manta bai tashi ba.

Muryar namijin ta matso kusa. "Ina kakar?"

"Ga ni, Likita."

"Mama, kin tabbata uku ne? Ba huɗu ba, ba biyar ba? Ba faɗa zan yi miki ba, gaskiya nake nema."

"Uku ne, ɗana. Na huɗun yana nan a faranti, ta ƙi buɗe baki."

"To. Ba za mu sa robar ba. Za mu ɗibi jini, mu ƙara mata ruwa, mu riƙe ta mu sa ido zuwa gobe. Ban ce an fita daji ba, amma da wannan yawan hankalina ya fi kwanciya. Ke kuma je ki wanke hannun nan da sabulu."

Wayar ta katse. Baban Tanderu ya dafa tebur zai miƙe, gwiwa ta ƙi, sai Inna ce ta ja shi da hannun hagu.

Bayan la'asar direba ya dawo ya kai ta asibitin. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta kasa shiga. Tsuntsuwa na kwance rub da ciki tana barci, an ɗaure mata allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, bakinta a ɗan buɗe. Auta na zaune a gefen gado, har yanzu da farar rigar aiki, da busasshen amai a kafaɗarta. Ta ɗago ta ga uwarta. Ba ta ce shigo ba, ba ta ce koma ba. Jakarta kawai ta ɗauke daga kan ɗayar kujerar ta ajiye a ƙasa.

Inna ta shiga ta zauna. Ta zuba wa bayan yarinyar ido, yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka. Wani lokaci sai ta ga kamar ya daɗe bai hau ba, zuciyarta ta tsinke, sai kuma ya hau.

"Ta ƙara yin amai?"

"Sau ɗaya. Ta sha ruwa ya zauna. Jinin farko ya fito lafiya, da safe za su sake ɗiba."

Inna ta miƙa hannu za ta shafa bayan yarinyar, ta tsaya a tsakiya, ta mayar da na daman cikin mayafi, ta fito da na hagu. Auta ta gani. Ta kamo na daman ta jawo shi waje, ta juya shi. Yatsun nan uku sun yi jajir, wannan karon ba na hoda ba, Inna ta dirje su da burushin wanke kwalabe har fata ta saɓule.

"Inna, sabulu aka ce miki."

"Na ga kamar bai fita ba."

Auta ta daɗe tana riƙe da hannun. Sannan ta ɗora shi a bayan Tsuntsuwa, tsakanin kafaɗun, ta danne da nata a sama. Bayan da ɗumi, da ɗan gumi.

Wata nas ta leƙo da takarda a hannu ta ce mutum ɗaya ake bari ya kwana da mara lafiya, wace ce za ta zauna? Ba wadda ta ɗago a cikinsu. Nas ɗin ta tsaya jim, ta ce bari ta je ta dawo.